Ina kaɗa fiyano a ɗaki, amma tsoro ya hana ni bari a ji

Assalamu alaikum Anti. Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekaruna 28, ina zaune gidanmu a Samaru. Tun ina makarantar koyon aikin jinya wata ƙawata 'yar Wusasa ta nuna mini yadda ake karanta rubutun kiɗa, abin ya shiga raina. Da na fara ɗaukar albashi sai na yi tari na sayi fiyano na lantarki, na gwanjo, mai maɓalli 88. Kusan shekara uku ke nan ina koya wa kaina kiɗan Turawa na da, irin na su Bach da Beethoven, ba malami, daga bidiyo sai takardu. In na dawo aiki na sa abin kunne na yi awa guda, duk gajiyar asibiti sai ta sauka. Mama takan leƙo ta ce wai me nake ji ni kaɗai.

Na haɗu da wasu masu koyo irina a intanet, 'yan ƙasashe daban-daban, suna tura wa juna abin da suka kaɗa, a saurara a yi gyara. Ina so in tura nawa. Amma da zarar na danna ɗauka a waya sai hannuna ya hau rawa. Wani kiɗan Beethoven mai suna Für Elise nake son turawa. Farkonsa ko ido rufe zan kaɗa, amma da na kai tsakiya sai in watse. Na ɗauka ba adadi ina gogewa, in kuma na saurari na ƙwararru sai kunyar kaina ta kama ni. Ga Yayana ya ce kada ya kuskura ya ga na sa kiɗa a intanet, wai 'yar mutunci ba ta zama makaɗiya, kuma korar manema zan yi. Baba ya san ina kaɗawa bai hana ba, amma bai san da wannan maganar ba. Kwanan nan ma wuyan hannuna na dama yakan yi ciwo in na daɗe. Anti, in haƙura in ci gaba da kaɗa wa bango, ko in tura a ɓoye?

Ƙanwarki daga Samaru, Zariya.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da aiki, Allah ya ba da ladan ɗawainiya da marasa lafiya.

Hanya biyu kika shimfiɗa mini, kuma ba wadda zan ce ki bi. In kika ci gaba da kaɗa wa bango, wata rana za ki wayi gari kin lulluɓe fiyanon da zane kin jibga masa kayan guga, domin abin da ba mai ji ba ya daɗewa a ran mai yin sa. In kuma kika tura a ɓoye, Zariya ba ta da girman da kike zato. Ranar da wani ya tura wa Yayanki, magana ta tashi daga kiɗa ta koma cin amana, kuma a nan har fiyanon ma kina iya rasawa. Ni so nake ki tura. Amma da sanin Baba, ga mutanen da kika zaɓa, kuma wani kiɗan daban. Für Elise ki ajiye shi tukuna.

Mu fara da gida, don shi ne in ya ɓaci ba a gyara shi da sake ɗauka. Kada ki ɗauki Yayanki a matsayin wanda kansa bai waye ba. Abin da ya faɗa yana da tushe a ƙasar nan. Mu Zazzagawa in aka busa kakaki da algaita a ƙofar fada ranar hawan Sallah, tsigar jikinmu tashi take, amma gidaje da yawa ba za su so a ce ɗansu makaɗi ne ba, balle 'yarsu, saboda kiɗa a wurinmu ya daɗe yana tafiya tare da roƙo, sana'a ce ta gado mai gidajenta. Sannan a yau in aka ambaci fiyano, abin da ke faɗo wa mutum a rai situdiyon waƙoƙin fim ne da gidan biki da 'yan mata masu rawa a TikTok. Wannan hoton Yayanki yake gani, ya sa fuskarki a ciki, hankalinsa ya tashi. Bai taɓa ganin abin da ke kike nufi ba: hannu biyu a kan maɓallai na minti ɗaya da rabi, ba murya, ba fuska, ba suna, sai wata dattijuwa mai ritaya a wata ƙasa ta ce miki ki sassauta hannun hagu. Tun da bai gani ba, sai a nuna masa, gani ya kori ji.

Akwai abin da na lura da shi a wasiƙarki. Shekara uku kina sa abin kunne, ke nan mutanen gidanku ba su taɓa jin kiɗanki ba. Abin da ke fita ta ƙarƙashin ƙofa ƙwas-ƙwas ɗin maɓallai ne da ƙarar feda. Mama da take leƙowa tana cewa me kike ji ke kaɗai, tambaya take yi da gaske. Kina neman mai sauraro a Jamus da Japan, ga ɗaya nan tsaye a bakin ƙofarki da mayafi a kafaɗa. Ranar da ba ki da aikin dare, bayan la'asar, ki zare abin kunnen, ki rage sauti, ki ce Mama zo ki zauna ki ji. Ki kaɗa mata ɗan gajere. Ba za ta san wane ne Bach ba, amma za ta san ko abin ya shiga kunne, za ta kuma ga babu rawa babu batsa a ciki. Daga nan ita za ta faɗa miki lokacin da ya dace a tunkari Baba, ta fi ki sanin wannan nesa ba kusa ba.

In kin zauna gaban Baba, kada ki buɗe baki da ƙarar Yaya. Ki nuna masa a wayarki abin da sauran suke turawa, guda biyu ko uku, ya gani da idonsa. Sannan ki gindaya wa kanki sharuɗɗa kafin a gindaya miki: ba fuska, ba sunan gida, ba lambar waya, hannu kawai ko ma sauti zalla, kuma a wurin da sai wanda aka yarda ya shiga yake ji. Dattijo in ya ga yaro ya riga shi hango illa, hankalinsa yakan kwanta. In ya amince, ki roƙe shi ya kira Yaya ya gaya masa da bakinsa, kina zaune, don kada ya zama kamar kin tsallake shi kin kai ƙara kin kayar da shi. Gobe shi ne zai tsaya miki a wurare da yawa. In kuma Baba ya ce a'a, ki karɓa ba tare da ɗaure fuska ba, ki nemi ƙaramar alfarma, wato ki riƙa tura wa malama ɗaya tak, daga ke sai ita, tana yi miki gyara. Wannan kaɗai zai biya miki rabin buƙata, kuma a'ar bana ba lallai ta kai baɗi ba.

Hukuncin kiɗa a addini kuwa, malamai sun daɗe da saɓani a kansa, akwai masu tsanantawa, akwai masu sassautawa da sharuɗɗa, ni kuma ba mai ba da fatawa ba ce. In zuciyarki tana ɗar-ɗar, ki tambayi malamin da kika amince da iliminsa, ki bayyana masa abin yadda yake. Maganar manema ba ta da tsawo. Duk wanda ya zo da gaske ki gaya masa tun wuri, domin fiyanon nan cikin kayan ɗakinki zai tafi, kuma gara a san matsayinsa kafin a kawo lefe.

Yanzu mu zo kan kunyar da kike ji in kin saurari ƙwararru. A ganina ita ce ta ɗaure ki fiye da Yaya, don ko da bai ce uffan ba da har yanzu kina gogewa. Abin da kike ji a fayafayan nan, yawancinsa ba a zama ɗaya aka yi shi ba. Mai kiɗan yakan shiga situdiyo ya maimaita wuri ɗaya sau da yawa, injiniya ya yanko mafi kyau daga nan, ya yanko daga can, ya haɗe su yadda kunne ba zai gane mahaɗar ba. Glenn Gould, ɗan Kanada da ya yi suna da kiɗan Bach, ya daina fita gaban jama'a a 1964 yana ɗan shekara 31, ya koma situdiyo kacokan, kuma bai taɓa ɓoye cewa yana yankawa yana haɗawa ba. Ga shi yawancin mutanen nan tun suna ƙanana aka zaunar da su, da malami a gefe, awowi a kullum. Ke kin fara ne bayan kin girma, kina zama bayan kin yini a tsaye a kan marasa lafiya. In kika auna ɗaukarki ta waya da nasu kin zalunci kanki.

Kada kuma ki ɗauka kutse kika yi cikin abin da aka tanada wa ƙwararru. Kafin Edison ya ƙera na'urar naɗar sauti a 1877, kusan duk wanda ke son jin kiɗa a gidansa a Turai sai dai ya kaɗa da hannunsa, ko wani a gidan ya kaɗa masa. Saboda haka kaso mai yawa na kiɗan fiyano an rubuta shi ne don mutanen gida, matan aure da yara da ma'aikatan da suka dawo aiki, su kaɗa wa dangi a falo. Littafin da Bach ya buɗe wa matarsa Anna Magdalena a 1725 littafin gida ne, iyali suna kwafe ƙananan kiɗe-kiɗe a ciki, yara suna koyo da su. Schumann, wani marubucin kiɗa Bajamushe, ya rubuta ƙananan kiɗe-kiɗe 43 a 1848, kuma saboda 'ya'yansa mata ya faro su. Har yau wannan al'adar ba ta mutu ba. A birnin Faris akwai gasar masu kaɗa fiyano don sha'awa tun 1989, a Fort Worth ta jihar Teksas a Amurka ma an fara irinta a 1999, kuma masu shiga likitoci ne da injiniyoyi da lauyoyi da malaman makaranta, mutanen da ba da kiɗa suke ci ba. Layinsu kika shiga, layi ne mai mutunci.

To me ya sa na ce ki ajiye Für Elise? Beethoven ya rubuta shi a 1810, ba a buga shi ba sai 1867, shekara 40 bayan rasuwarsa, kuma tun daga nan yake yaudarar masu koyo. Sashen farkon nan mai sauƙi sau uku yake zuwa, a tsakani kuma akwai sassa biyu da suka fi shi wuya sosai: ɗaya mai gudun yatsun dama, ɗaya kuma hannun hagu na ta dukan maɓalli ɗaya ba tsayawa yayin da dama ke ɗaukar maɓallai uku ko huɗu a lokaci guda. Watsewar da kike yi a tsakiya ba gazawarki ba ce ke kaɗai, wurin da kusan kowa ke faɗuwa ke nan. Ƙari a kan haka duniya duka ta san farkonsa, har a wayoyi da kayan wasan yara ana jin sa, don haka ko ɗan tuntuɓe kika yi kunne zai kama. Ki ci gaba da aikinsa a ɗaki. Abin da za ki fara turawa ya zama wanda ya yi ƙasa da iyawarki da mataki ɗaya, wanda za ki iya kai shi ƙarshe sau uku a jere ba tsayawa ranar da kika dawo a gajiye. Wani ɗan gajeren kiɗa da ake kira Minuet na G da ke cikin littafin Anna Magdalena, wanda daga baya masana suka gano Christian Petzold ne ya rubuta shi, gaɓa 32 ne kacal, wato 'yan yankunan nan da layukan tsaye ke rabawa a rubutun kiɗa. Ko ki ɗauki ɗaya daga cikin ƙananan kiɗe-kiɗe 25 da Burgmüller ya rubuta wa masu koyo, ko na farko a cikin na Schumann. Dukkansu za ki same su kyauta, ta halal, a IMSLP, shafin intanet da ke tara rubutun kiɗa. Ƙaramin kiɗa da aka kaɗa da natsuwa ya fi nuna wa mai gyara inda kike, fiye da babba da aka yi ta kokawa da shi.

Rawar hannun kuwa kin fi ni sanin sunanta a asibiti, adirenalin ce. Zuciya ta ƙara bugu, tafin hannu ya jiƙe, ƙananan jijiyoyin yatsu su daina bin umarni daidai, sai ki ga kina gudu ba ki sani ba. Ki tuna ranar farko da kika sa wa mara lafiya allurar ƙarin ruwa, babbar ma'aikaciya tana tsaye a kanki. Hannun ya yi rawa. Abin da ya tsayar da shi yawan yi ne a gaban idon mutane, har jiki ya daina ɗaukar kallo a matsayin haɗari. Haka za ki yi wa wayar. A yanzu kina kunna ta ne kawai ranar da kike neman wanda za ki tura, shi ya sa ta zama alƙali. Ki riƙa jingine ta kullum da zarar kin zauna, ta ɗauki komai, har da maimaici da tsaki da gyaran zama, ki goge da dare ba tare da kin saurara ba in kin ga dama. Bayan makonni kaɗan za ki manta tana nan.

Sai kuma gyaran yadda kike atisaye, don masu koya wa kansu kusan duk ciwo ɗaya gare su. Kullum daga farko suke farawa, in sun yi kuskure su tsaya su koma farko. Sakamakon shi ne farkon ya sha maimaici ya yi santsi, tsakiya ta zauna ɗanya, kuma yatsu sun haddace hanya ɗaya tak, in aka fizge su daga kanta ba su san inda za su koma ba. Ki ɗauki fensir ki sa alama a wurare huɗu ko biyar a jikin takardar, ki koyi tashi daga kowanne, har da na kusa da ƙarshe. Wurin da ke ba ki wuya ki ware shi, gaɓa biyu ko uku, hannu ɗaiɗai, a hankali har ki ji kamar ya yi sanyi da yawa, sannan ki haɗa, ki kunna metronom na waya, wato manhajar da ke ƙirga miki bugu, ki riƙa ƙara gudu kaɗan-kaɗan. Sau ɗaya a kowane zama ki yi alkawari da kanki cewa daga farko zuwa ƙarshe ba tsayawa, kome ya faru. Wuce kuskure ba tare da an karya tafiyar kiɗa ba fasaha ce mai zaman kanta, koyon ta ake yi, kuma ita ƙwararru suka fi ki da ita a kan dandamali, domin su ma suna taɓa maɓallin da ba shi ba.

Ranar ɗauka ta gaske, uku kawai za ki yi, ki rufe. Bayan ta uku gajiya da haushi ne ke kaɗawa. Kada ki saurara a daren, don kunnenki kuskuren kawai zai nema. Washegari ki zauna da takardar da fensir ki ji su, ki zaɓi wadda ta fi rai ko da akwai tuntuɓe biyu a ciki.

Ta fannin na'ura ba sai kin kashe kuɗi ba. Ki duba bayan fiyanonki. Da yawa daga cikin na lantarki suna da wurin sa filashi ko kebul da zai kai sauti kai tsaye, in naki yana da shi kin huta da janaretan maƙwabta da hon ɗin 'yan acaɓa da kukan zakara. In ba shi, ki nemi lokacin da unguwa ta yi shiru kuma akwai wuta, ki rufe taga, ki kashe fanka na minti biyun nan. Kada ki ɗora wayar a jikin fiyanon, bugun maɓallai zai rufe kiɗan. Ki ajiye ta gefe, kamar taku biyu, a kan kujera da littattafai a ƙarƙashi, daidai tsayin maɓallai ko sama kaɗan, yadda za a ga hannayenki daga gwiwar hannu zuwa yatsu, fuska kuwa tana waje. Ki duba abin da ke bayanki kada a ga kalandar wurin aiki ko hoton gida. Ki yanke farce, don ƙararsa a kan maɓalli tana fita a waya fiye da yadda kike ji. Ki sani kuma waya takan daidaita ƙarfin sauti da kanta, ta ɗaga mai taushi ta danne mai ƙarfi, saboda haka in wani ya ce kiɗanki duk murya ɗaya yake, wataƙila rabin laifin na wayar ne. Da hunturu kuma ki riƙa lulluɓe fiyanon in kin tashi, ƙurar Zariya in ta shiga ƙarƙashin maɓallai takan sa wani ya yi shiru ko ya yi tsawa ba gaira ba dalili.

Kafin ki tura naki, ki yi mako biyu kina sauraron na wasu kina faɗa musu abin da ya yi miki daɗi, takamaimai, ko da cewa ne ƙarshen ya sauka da taushi. Mutane sun fi buɗe kunne ga wanda ya fara buɗe musu nasa. In kin zo turawa, kada ki cika wurin da ban haƙuri, kada kuma ki ɓoye gaskiyar halinki. Ki ce shekara uku kike koyo, ba malami, fiyano na lantarki ne, sannan ki yi tambaya ɗaya ko biyu: shin hannun hagu yana danne dama? Shin ina ƙara gudu a rabi na biyu? Wanda ya ce a faɗi ra'ayi kawai, sannu da ƙoƙari yake samu, ba ya ƙaruwa da komai. Wanda ya nuna wurin ciwo shi ake ba magani, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Abin da zai dawo miki kashi-kashi ne. Wanda ya ambaci gaɓa kaza ya ce ga abin da ya ji, ga abin da za ki gwada, ki riƙe shi da kyau. In mutum uku da ba su san juna ba suka faɗi abu ɗaya, to gaskiya ne ko da ya yi ɗaci. Wanda ya yi izgili ba tare da ya nuna komai ba, kada ki ba shi amsa, kada kuma ki kwana da maganarsa. Zai yiwu ma ki tura a yi shiru, mutum biyu kawai su tanka, wannan ba hukunci ba ne a kan kiɗanki, mutane ne da hidimominsu. Inda nake so ki tsaya tsayin daka shi ne akwatin saƙo. Za a samu namijin da zai yaba hannunki fiye da kiɗanki, ko ya ce ki ba shi lamba ya koya miki kyauta. Duk maganar kiɗa a yi ta a fili inda kowa ke gani. Wannan alkawarin da kika yi wa Baba ne, kuma kariyarki ce. Wani ƙaramin abu: in ta YouTube kika bi, na'urarsu takan yi kuskure ta ce kiɗan mallakar wani kamfani ne, don ya yi kama da faifansu. Kada ki firgita. Kiɗan mutanen da suka rasu fiye da shekara ɗari ba shi da mai shi, ɗaukar kuma taki ce, akwai wurin da ake ƙalubalantar iƙirarin.

In ƙafarki ta tsaya, akwai abin da nake miki kwaɗayi. Masu koyon nan sun ji Minuet sau dubu, amma kaɗan ne a cikinsu suka san cewa 'yan Najeriya sun rubuta wa fiyano kiɗa. Akin Euba, wanda ya rasu a 2020, ya yi shekaru yana neman yadda fiyano zai yi magana irin ta gangunan Afirka. Joshua Uzoigwe ya bi wannan hanyar, Ayo Bankole kuma a Jos aka haife shi a 1935. Yawancin nasu sun fi ƙarfinki a yanzu, amma ki saurare su. Sannan ki gwada ɗora wata waƙar gaɗa ko ta reno da kika tashi da ita a kan maɓallai, dama tana rerawa, hagu tana riƙe bugu. Wannan ba mai shi a cikinsu sai ke.

Na bar ciwon wuyan hannu a ƙarshe don kada ya ɓace a cikin sauran maganganu. Shi ne abin da mutanen intanet ba za su iya gyara miki sosai ba, kuma shi ne zai iya raba ki da fiyano gaba ɗaya in kika yi sakaci. Yawanci daga zama yake farawa. In a bakin gado ko kujerar roba kike zama, mai yiwuwa kin yi ƙasa, wuyan hannu yana lanƙwashewa, kafaɗa tana ɗagawa. Ki nemi benci mai tauri, ki ƙara tsayi da abin da kika samu har damtsenki daga gwiwar hannu zuwa yatsu ya miƙe daidai da maɓallai, ƙafa biyu a ƙasa. Awa gudan nan ki raba ta uku, ki riƙa tashi kina sakin hannu a tsakani, kuma da kin ji ciwo ki tsaya, ba a danne shi. Sannan ki nemi wanda zai ga hannunki ido da ido, ko sau ɗaya a wata ne. A cocin Wusasa da Sabon Gari da Samaru akwai masu kiɗan da suka iya karanta rubutu, ƙawarki ta makaranta za ta san wadda za ta haɗa ki da ita, mace in an samu, ta zo gida da sanin Mama. In wata rana kina son takardar shaida, hukumar jarrabawar kiɗa ta ABRSM da ke Ingila tana da matakai takwas, kuma tun 2020 tana da jarrabawar da ake yi ta bidiyo, kiɗa huɗu a ɗauka ɗaya ba yankewa, ƙungiyar kiɗa ta MUSON da ke Legas ma tana shirya tata. Amma wannan maganar gaba ce. In kin gyara zama kin rage lokaci, mako biyu ya wuce ciwon bai sauka ba, ko kika fara jin yatsu suna mutuwa da dare, ki rufe fiyanon ki je sashen gashin ƙashi na asibitinku su duba ki.